Tarihin Butloda: Yadda Maikurokwanturola Ta Koyi Karɓar Manhaja Daga Kwamfuta

Maikurokwanturola 'yar ƙaramar kwamfuta ce da aka dunƙule a cikin ƙwayar silikon guda, wadda ta haɗa sashen lissafi da ma'adanar bayanai da ƙafafun da take karɓar saƙo ko ba da umarni da su, kuma irinta ce ke zaune a cikin mitar wuta da inbata da rimot da injin mota, inda masu gyara kan haɗa ta da sauran danginta su kira su aisi. Ba ta da allon rubutu, ba ta da fuskar kallo, ba ta kuma da faifai, don haka manhajar da ke tafiyar da ita, wadda ake kira manhajar ciki saboda a jikin ƙwayar take zaune ko da an ɗauke wuta, sai an shigar mata da ita daga waje. Butloda kuwa ita ce ƙaramar manhajar da ke fara tashi idan aka kunna ƙwayar, ta kasa kunne na ɗan lokaci ko akwai kwamfutar da ke son yi mata magana, in akwai ta karɓi sabuwar manhaja ta rubuta, in babu ta miƙa ragama ga wadda take nan. Wanda ya bi tarihin wannan zance zai lura cewa ba kasafai ƙa'idar da ta fi kyawun tsari take cin kasuwa ba, wadda ta yi magana da yaren da kwamfuta ta riga ta iya ita ce ke daɗewa.

A farkon shekarun 1970 babu wani zance tsakanin ƙwaya da kwamfuta. Ƙwayoyin farko, irin su TMS1000 da kamfanin Texas Instruments ya fitar a 1974, a masana'anta ake dasa musu manhaja lokacin da ake ƙera su, ta yadda kuskure guda kan jawo asarar duk abin da aka buga da jiran makonni kafin a sake. Sauƙi ya zo ne daga aikin Dov Frohman a kamfanin Intel, wanda ya haifar da ma'adanar EPROM ta 1702 a 1971, mai ɗaukar bayit 256 kacal, bayit kuwa rukuni ne na bit takwas, kowane bit ko dai 0 ko 1. Da wuta mai ƙarfi ake rubuta EPROM, da hasken ultrabayolet kuma ake goge ta, ta wata 'yar taga mai garai-garai da ke saman ƙwayar. Da Intel ya fitar da 8048 a 1976, ya kuma biyo ta da 8748 mai irin wannan taga, sai aikin injiniya ya zama zagaye mai gajiyarwa: a zare ƙwayar daga mazauninta, a kwantar da ita ƙarƙashin fitila na kimanin minti 20, a sa ta a na'urar rubutu da ke ba ta wuta sama da bolt 20, a manne tagar da takarda, a mayar da ita, sannan a gano akwai sauran gyara.

Gadon da ya fi daɗewa daga wancan zamani shi ne tsarin fayil na Intel HEX, wanda aka fitar a 1973 lokacin da ake adana manhaja a tef ɗin takarda mai huji. Kowane layi yana farawa da ɗigo biyu, sai yawan bayit ɗin da ke cikinsa, sai adireshi, wato lambar gurbin da za a ajiye su a ma'adana, sai nau'in layin, sai bayanan, sai bayit na ƙarshe na tantancewa, wanda ake zaɓa ta yadda idan aka tara duk bayit ɗin layin ƙarshen jimillar zai zama sifili. Ana rubuta lambobin da lissafin tushen 16, mai amfani da 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F, wanda a yau ake sa masa alamar 0x a gaba. Duk abin da butloda za ta riƙa tambaya daga baya yana cikin layin nan: nawa ne, ina za su, kuma yaya za a gane idan sun lalace a hanya.

Daga cikin ƙwayoyin da suka yaɗa butloda a hannun injiniyoyi da ɗalibai akwai 68HC11 ta kamfanin Motorola, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 1980. A cikinta akwai 'yar ma'adanar ROM, wato wadda ba ta gogewa, ɗauke da manhajar da ba ta kai bayit 200 ba a samfurin A8, kuma ba ta tashi sai an haɗa ƙafafu biyu, MODA da MODB, da layin ƙasa a daidai lokacin da ake sake kunna ƙwayar. Hanyar maganar ita ce layin siriyal, mai tura bit ɗaya bayan ɗaya ba tare da wayar agogo da za ta nuna inda kowane bit ya fara ba, don haka dole ɓangarorin biyu su daidaita kan saurin magana tun farko, in ba haka ba kowa shirme zai ji. Motorola ya warware matsalar da dabara mai arha. Kwamfuta ce ke fara turo bayit 0xFF, ƙwayar kuma tana saurare da saurin bit 7812 a daƙiƙa idan kiristal ɗinta na megahaz 8 ne. In ta ji 0xFF daidai sai ta tsaya a nan, in kuwa wani abu daban ta ji sai ta gane mai maganar a hankali yake tafiya, ta sauka zuwa 1200. Wannan bayit na farko tamkar sallama yake, ba ya ɗauke da labari amma sai da shi ake shiga zance. Daga nan ƙwayar ta karɓi bayit 256 ta jera su a RAM, ma'adanar wucin gadi da ke mantuwa idan wuta ta yanke, tana maimaita kowane bayit ga kwamfuta don a ga ya iso lafiya, sannan ta koma farkon RAM ta fara aiwatar da abin da aka turo. Abin lura shi ne ita wannan butloda ba ta rubuta manhajar dindindin da kanta. 'Yar manhajar da aka turo ce ke ɗaukar sauran aikin, kuma wannan tsari na hawa biyu zai sake bayyana bayan shekara 30.

Dabarar yanka saƙo gunduwa-gunduwa kuwa daga duniyar modem aka aro ta. A 1977 Ward Christensen na Shikago ya tsara XMODEM don tura fayil ta layin tarho, inda ake aika bayit 128 tare da lambar gunduwar da bayit na tantancewa, mai karɓa ya amsa da 0x06 idan ta yi, ko 0x15 idan a sake. Butlododi da dama sun ɗauki XMODEM da magajinsa YMODEM ba don sun fi dacewa da ƙwaya ba, sai don kusan kowace manhajar siriyal a kwamfuta ta riga ta iya su, mai ƙera na'ura ya huta da rubuta komai a ɓangaren kwamfuta.

Abin da ya sauya al'amarin gaba ɗaya shi ne ma'adanar filash, wadda Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya gabatar a 1984, Intel kuma ya shigar da ita kasuwa a 1988. Da wuta ake goge ta, ba da haske ba, sai dai tana da halaye biyu da suka tsara siffar kowace butloda ta bayanta: ba a goge bayit guda, sai shafi ko yanki sukutum, wanda bayan gogewa duk bit ɗinsa ke komawa 1, rubutu kuma daga 1 zuwa 0 kawai yake iya juya bit, yana kuma cin lokacin da ya zama dole mai turowa ya dakata. A 1993 Microchip ya fitar da PIC16C84 mai ma'adanar da ake gogewa da wuta, Atmel kuma ya fara sa filash a cikin maikurokwanturola, sannan a 1997 ya fitar da dangin AVR, wanda Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan suka faro a birnin Trondheim na Norwe. Yanzu ana iya rubuta ƙwaya tana manne a kan allonta. A AVR, na'urar rubutu ce ke danne ƙafar risit, wato ƙafar sake kunna ƙwaya, ta turo 0xAC da 0x53, in ƙwayar ta maido da 0x53 an shiga yanayin rubutu. Amma wannan ba butloda ba ce, domin sashen lissafin ƙwayar a daskare yake, kuma har yanzu sai an sayi na'ura ta musamman. Sai da aka ƙara wa AVR umarnin SPM, wanda ke ba ƙwaya damar rubuta filash ɗinta da kanta daga wani keɓantaccen yanki a ƙarshen ma'adana, sannan kowane mai ƙira ya sami ikon rubuta butlodarsa, da yaren da ya ga dama.

Yaren da ya yi kaka-gida ba don butloda aka tsara shi ba. STK500 allon gwaji ne na Atmel, ƙa'idarsa kuma an yi ta ne don kwamfuta ta yi wa allon umarni, shi kuma allon ya rubuta ƙwayar da aka ɗora masa. Da yake manhajojin kwamfuta irin su avrdude, wadda Brian Dean ya faro, sun riga sun iya wannan yare, sai masu rubuta butloda suka sa ƙwayar ta riƙa yin shigar burtu, tana amsawa kamar ita ce allon. Jason Kyle ya rubuta irin wannan butloda a 2003, kuma daga zuriyarta butlodar Arduino ta fito, bayan da aka faro aikin Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005. Zancen da ke gudana a kan Arduino Uno, wanda ya fito a 2010 da ƙwayar ATmega328P mai filash kilobayit 32, yana tafiya ne da saurin bit 115200 a daƙiƙa. Kwamfuta ta ce 0x30 0x20, ƙwaya ta amsa 0x14 0x10, ma'ana an daidaita, an kuma karɓa. Kwamfuta ta nemi lambar shaida da 0x75, ƙwaya ta ba da 0x1E 0x95 0x0F, wadda da ita ake gane ba a ɗauko manhajar wata ƙwaya ba. Sai a faɗi adireshi da 0x55, a turo shafi guda na bayit 128 da 0x64, a jira amsa kafin a ƙara, domin a wannan ɗan tsakani ne filash ke rubutuwa. Haka shafi bayan shafi har a gama, a sallame ta da 0x51. Idan sallamar farko ba ta samu amsa ba, sai avrdude ya fito da ƙorafinsa na rashin daidaito mai ƙarewa da resp=0x00, saƙon da kusan duk ɗalibin da ya taɓa Arduino ya sani, wanda ba ya bambance lalatacciyar waya da zaɓen allon da ba shi ba da butlodar da aka goge.

Ta fuskar tsari wannan ƙa'ida mai rauni ce. Bayit 0x20 da ke rufe kowane umarni, ko da yake takardar Atmel ta ba shi suna mai ɗauke da CRC, wato wani lissafin gano kuskure, babu abin da yake tantancewa, alamar tazara ce kawai, don haka hanyar tabbatar da rubutu ita ce kwamfuta ta sake karanto duk abin da ta tura ta gwada. Butlodar Optiboot, wadda Peter Knight ya rubuta Bill Westfield kuma ya ci gaba da kula da ita, ta matse aikin cikin bayit 512 maimakon kilobayit 2 na wadda ta gada, kuma ɗaya daga dabarunta ita ce idan aka turo umarnin da ba ta buƙata sai ta karɓi bayit ɗin ta zubar, ta amsa da cewa an yi. Duk da haka da wuya a sami wata ƙa'idar butloda da ta ratsa hannun masu koyo kamarta.

Tambayar yadda za a sa ƙwaya ta tsaya a butloda maimakon ta wuce zuwa aikinta ta ba masu ƙira wahala fiye da yadda ake zato. A allunan Arduino na farko sai mutum ya danna maɓallin risit da hannu ya yi rige-rige da lokacin jira. Allon Diecimila na 2007 ya kawo mafita ta hanyar aron layin DTR, wanda asalinsa da shi kwamfuta ke sanar da modem cewa ta shirya: idan aka buɗe tashar siriyal layin yakan faɗi, kafasita mai nanofarad 100 ta mayar da faɗuwar 'yar gajeriyar bugu a ƙafar risit. Farashin wannan sauƙi shi ne allon kan sake tashi duk lokacin da aka buɗe tashar, ko da kallon bayanai kawai aka zo yi. Allon Leonardo na 2012, wanda ƙwayarsa ke magana da USB kai tsaye, ya bi wata hanya: idan kwamfuta ta buɗe tashar da saurin 1200 ta rufe, manhajar da ke aiki ta ɗauki hakan a matsayin umarnin komawa butloda, abin da ke nufin in manhajar ta maƙale babu mai jin umarnin sai an koma ga maɓalli.

Manyan kamfanoni kuwa sun koma ga hanyar Motorola, suna dasa butloda a ROM don kada a iya goge ta. Dangin STM32 na STMicroelectronics, wanda ya fito a 2007, yana shiga butloda idan aka ɗaga ƙafar BOOT0, sallamarsa 0x7F ce, wadda ƙwayar ke auna tsawon bit ɗinta ta gano saurin layin, amsar yarda 0x79, ta ƙi kuma 0x1F. Kowane umarni yana tafe da kishiyarsa, misali na rubutu 0x31 sai 0xCE, wanda bit ɗinsa duka a juye suke, don kada hayaniyar waya ta rikiɗe ta zama umarnin gogewa. Adireshi da bayanai kuma, har bayit 256 a tashi guda, kowanne da bayit ɗinsa na tantancewa. ESP8266 ta kamfanin Espressif da ke Shanghai, wadda ta bazu daga 2014, ta aro SLIP, tsohuwar hanyar tura intanet ta layin siriyal da aka rubuta ƙa'idarta a 1988, inda bayit 0xC0 ke buɗe kowane saƙo ya rufe shi. Sallamarta ta ƙunshi 0x55 sau 32, bayit ɗin da 0 da 1 ke karɓa-karɓa a cikinsa, wanda ya sa ya dace da auna sauri. Da yake butlodar ROM ɗin tana da nauyin jiki, manhajar esptool kan fara tura wata ƙaramar manhaja cikin RAM, wadda ke karɓar matsattsun bayanai da sauri ta kuma tantance su da lissafin MD5, wato dai hawa biyun 68HC11 a sabon zamani. Dangin wannan tsari ne masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ke hulɗa da shi idan suna yi wa waya filashin, suna danne maɓallin murya suna soka kebul, ko da yake ƙwayar waya ta fi maikurokwanturola girma nesa ba kusa ba.

USB ya zo da ƙa'idarsa ta hukuma mai suna DFU, wadda aka fitar a 1999 aka sabunta a 2004, tana da tsari mai kyau, har na'ura kan faɗa wa kwamfuta tsawon lokacin da za ta jira kafin ta sake tambaya. Amma tana buƙatar manhaja ta musamman, a Windows kuma sau da yawa sai an girka direba, kuma a nan ne masu koyo ke tuntuɓe. Hanyar da ta sha gabanta a makarantu ita ce ƙwaya ta fito a kwamfuta a matsayin filas ɗin ajiya, a jawo fayil a jefa mata. Wahalar ita ce kwamfuta ba ta yi alkawarin rubuta sassan fayil a jere ba, tana kuma cusa nata ƙananan fayiloli. Tsarin UF2 da Microsoft ya ƙirƙira don dandalinsa na MakeCode ya magance wannan ta hanyar yanka manhaja gunduwa-gunduwa na bayit 512, daidai da girman sashen faifai, kowace gunduwa da lambobin shaida a farkonta da ƙarshenta, da adireshinta, da lambarta, da jimillar 'yan uwanta, ta yadda butloda ba ta buƙatar fahimtar tsarin fayil ko kaɗan, abin da ke da shaida ta rubuta, saura ta yi watsi da shi. Raspberry Pi Pico na Janairun 2021 da wannan ya fito a ROM ɗinsa: a danne maɓallin BOOTSEL, a soka kebul, faifai mai suna RPI-RP2 ya bayyana.

Duk waɗannan ƙa'idoji sun ɗauka cewa akwai mutum a tsaye kusa da na'urar, wanda zai sake gwadawa idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, tun da butlodar tana nan a yankinta ba a taɓa ta ba. Da aka fara sabunta na'urori ta iska, wannan zato ya rushe, shi ya sa butlododi irin su MCUboot ke raba filash gida biyu, a sauke sabuwar manhaja a ɗaya ana aiki da ɗayan, a gwada ta sau ɗaya, in ba ta tabbatar da lafiyarta ba a koma tsohuwa. Sai kuma tambayar da bayit na tantancewa bai taɓa amsawa ba, wato wane ne mai turowar. A motoci, ƙa'idar UDS ta tanadi umarnin 0x27, inda na'ura ke ba da wata lamba, mai neman shiga ya maido da amsar da ta dace kafin a ba shi damar fara turo manhaja da 0x34. A 2016 Eyal Ronen da Adi Shamir da Colin O'Flynn da abokin aikinsu suka nuna cewa ta hanyar auna wutar da ƙwaya ke sha ana iya zaro mabuɗin sirrin da kwan fitilar Philips Hue ke tantance sabuntawa da shi, kuma da yake mabuɗi guda ne ga duk kwan fitilar wannan samfuri, wanda ya same shi zai iya tura gurɓatacciyar manhaja ta yaɗu daga fitila zuwa fitila. Maganin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne sa hannun sirri mai mabuɗi biyu, inda kamfani ke riƙe da na sa hannu, ƙwaya kuma ta riƙe na tantancewa kawai, wanda satarsa ba ta ba kowa ikon ƙirƙirar manhaja.

Sai dai dasa butloda a ROM, wanda ke kare ta daga gogewa, shi ne kuma ke hana gyara ta. A 2018 aka bayyana wani kuskure a yanayin ceto na USB na ƙwayar Tegra X1 da ke cikin Nintendo Switch, inda ba a duba tsawon da kwamfuta ta nema ba, kuma babu sabuntawar da za ta iya toshe shi a na'urorin da suka riga suka shiga hannun jama'a. Da Raspberry Pi ya fitar da RP2350 a Agustan 2024 mai butlodar da ke duba sa hannu, sai ya sa kyautar kuɗi ga duk wanda ya karya kariyarta, a Janairun 2025 kuma ya wallafa hanyoyin da masu bincike suka bi, waɗanda duk sai an riƙe ƙwayar a hannu, ciki har da girgiza wutar da ke shiga ta a daidai lokacin da take yanke hukunci. Waɗanda ake iya gyarawa daga cikinsu sai da aka sake buga silikon ɗin kafin a toshe su.